Kwana Ɗaya a Ciki

Daga kwatas ɗin madatsar ruwa, mako na ashirin da shida

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwa, da fatan kina lafiya, ke da jariranki na ɗakin bakwaini. Yaya gwiwar nan taki? Surukinki Mai Awo yana gaishe ki. Ya ce in faɗa miki tun faɗan da kika yi masa bai ƙara fita awon ƙasa ba hula a ka ba. Mu nan lafiya lau, sai ƙarar injuna da ba ta hutu. Makarantar 'ya'yan ma'aikata da nake koyarwa ta ƙaru, yanzu yara ashirin da uku ne a aji ɗaya.

Gwaggo, akwai abin da na ɓoye miki. Ina da ciki, ya cika wata shida. Ban faɗa ba ne saboda na rantse wa kaina ba zan sa ki murna ba sai na wuce ranar da na farkon ya zo ya koma. Jiya na wuce ta. Na yini ina riƙe da mara kamar mai ɗauke da ƙwai a zani.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki wannan ba. Mama, Allah ya jiƙanta, uku ta haifa, dukkanmu kafin lokaci, ni kaɗai na tsaya, ni ma don kina wurin ne. Nawa na farko ya bi sahun yayyena. Nan kuwa abin da muke da shi ɗakin shan magani ne mai gado biyu, da ungozoma ɗaya, yarinya ce da ba ta fi shekara biyu da gama karatu ba. Tana da kirki, hannunta kuma da tsabta, amma ba su da kwalbar saka jarirai. Babban asibiti tafiyar awa huɗu ce, in hanya ta yi kyau.

Shekararki kusan talatin kina raya 'ya'yan da kowa ya cire rai da su. Ki faɗa mini abin da zan tanada, da abin da zan yi, ɗaya bayan ɗaya, yadda kike faɗa wa sababbin ma'aikatanki. Duk abin da kika ce shi zan yi. Ki ba direban motar kayanmu amsa, duk Juma'a yana lodi a bayan kasuwarku.

'Yarki,
'Yar Kwalba

*

Daga ɗakin bakwaini

'Yar Kwalba,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta same ni ina ɗora wani ɗan mutum a sikeli. Ina lafiya, gwiwa kuwa ni da ita mun saba, kowa ya san halin kowa. Ki gaida Mai Awo. Direbanku da kuke kira Sannu-Sannu ya ci sunansa, kwana shida takardar ta yi a aljihunsa.

Wata shida kina ɓoye mini? To ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na yi fushi na minti biyar, sannan na shiga ɗakin wanki na rufe ƙofa na yi kukana na godiya, na wanke fuska na koma aiki.

Ki saurara. Jaka yau za ki haɗa ta, ba gobe ba, ki ajiye bakin ƙofa, katin awonki a aljihun gaba. Ki sa zani mai taushi guda biyu na ɗaure ɗa a ƙirji, fata da fata, don bakwaini sanyi ne babban abokin gabansa. Ki sa ƙaramin kofi da cokali, domin in bai iya tsotso ba tatsa za ki yi ki ba shi. Hulunan da na sa a cikin ƙunshin nan ni na saƙa, a kan kofin shayi na gwada su, kada ki yi dariya, kanki bai kai haka ba. In kika ga ruwa, ko jini, ko ciwon baya da mara mai zuwa yana tafiya, ba ki da lokacin neman takalmi. Kina isa asibiti ki ce su duba ko za su yi miki allurar ƙarfafa huhun jariri. Ki daina tsayuwar allo yini guda, ki sa kujera ki koyar a zaune, yaran ba za su fi haka daƙiƙanci ba.

Yanzu babbar magana. Kin san allon nan da ke bayan ƙofar ɗakinmu, inda nake rubuta makon da kowane ɗa ya zo. Shekara ashirin da tara ina rubutawa ina gogewa, wasu da murna nake goge su, wasu ban so in tuna. Abin da allon nan ya koya mini shi ne, kwana ɗaya a cikin uwa ya fi kwana uku a kwalbata. Saboda haka ki riƙe shi. Duk safiyar da kika tashi yana ciki, ki ja layi a kalanda, riba ce. Kada ki yarda kowa ya yi miki gaggawa da shi.

Ke kilo ɗaya da ɗan ɗoriya kika zo. Kwalba ɗaya muke da ita a lokacin, kwana huɗu kacal kika samu a ciki aka fitar da ke don wanda ya fi ki buƙata, amma sunan ya bi ki har gidan miji. Sauran sati bakwai a ƙirjina kika yi su, cikin rigar aiki, ina zagaya ɗaki ina ba da magani. Kina mance numfashi, ina murza miki tafin ƙafa ina tuna miki. Ban taɓa ganin mai taurin kai irinki ba, kuma shi ya raya ki.

Hutuna na shekara sati huɗu ne. Zan ɗauke shi daga makonki na talatin, don nan ne wuyar take. Ki ce wa Mai Awo ya kama mana ɗaki kusa da babban asibiti, inda ƙafa za ta kai mu.

Gwaggonki

*

Daga ɗakin haya bayan asibiti, mako na talatin da shida

Gwaggona,

Ina gaishe ki, da fatan kin isa lafiya, kin kuma sami jariranki lafiya. Sati biyu ke nan da tafiyarki, ɗakin nan ya yi mini faɗi. Jikina lafiya, sai ƙafa da ta ɗan kumbura, likita ya duba ya ce ba komai. Mutumin naki yana ta shure-shure, musamman in na sha ruwan sanyi.

Mai Awo ya zo ƙarshen mako. Har yanzu in ya ga ƙullin sukari sai ya kau da kai. Ni kuwa in na tuna yadda kika ɗaure masa sukari kilo ɗaya da rabi a ƙirji da zanina, kika sa shi ya zauna, ya tashi, ya ɗauko buta, kina cewa “kan yaro, kan yaro, ka karya masa wuya,” sai dariya ta kama ni har sai na riƙe cikin. Amma ya iya, Gwaggo. Jiya ya ɗaura da kansa ya nuna mini, bai san na ga idonsa ya kawo ruwa ba.

Ma'aikatan ɗakin jarirai na nan suna ta tambayarki. Wadda kika gyara wa yadda ake kwantar da ɗa, wadda ta ɓata rai a ranar, ita ce ta tare ni a baranda ta ce in tambaye ki yadda kike naɗe tawul ya zama sheƙa. Kin zo hutu, kin yi sati huɗu kina aikin da ba a sa ki ba. Ni dai ina bin ki da kallo. Kina shiga ɗaki hankalin mutane yake kwanciya, ban san yadda kike yi ba.

Jakar tana bakin ƙofa. Daga nan zuwa ƙofar ɗakin haihuwa minti bakwai ne, kamar yadda kika auna da agogonki, amma yanzu na koma tara. Layukan kalanda sun kai sittin da ɗaya. Kowace safiya ina ja, ina jin kamar a allonki nake rubutawa.

Likita ya ce in na cika mako talatin da bakwai an wuce maganar bakwaini, ina iya komawa kwatas in haihu a hannun ungozomarmu. Na gaji da zaman nan ni kaɗai. Me kika gani?

'Yarki

*

Daga ɗakin bakwaini

'Yar Kwalba,

Na isa lafiya. Na tarar an sauya mini wurin ajiye ma'aunin zafi, na yi kwana biyu ina faɗa, yanzu komai ya koma mazauninsa. Ki gaida uban sukari.

Kafin takardar nan ta same ki kin shiga na talatin da takwas. Kin san abin da kika yi kuwa? A zuriyarmu kaf ba macen da ta taɓa kai ɗa nan. Na faɗa wa duk wanda ya tsaya ya saurare ni, har mai shara. Wata uwa a gado na uku ta ce, “Sista, ke da ba kya yabon kowa?” Na ce ai ban taɓa samun wanda ya kai ba ne.

Ki koma kwatas abinki. Ɗan da ya cika watanninsa yarinyar nan taku ta isa ta karɓe shi. Ni nawa aikin ya ƙare, daga talatin da bakwai ɗa ba nawa ba ne, ba ya biyowa ta ɗakina. Hulunan nan kuwa ki dawo mini da su, ina da masu su a nan, naki ko a gwiwar hannu ba za su shige shi ba.

Ki ci, ki sha, ki ci gaba da jan layinki. Sannu ba ta hana zuwa.

Gwaggonki

*

Daga kwatas, mako na arba'in da ɗaya da kwana biyu

Gwaggona,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Mai Awo yana gaisuwa. Ni lafiya, sai nauyi, ko takalmi sai an sa mini. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, kullum cewa nake bari in jira in haɗa da albishir.

To albishir ɗin bai zo ba tukuna, amma ga wani: ranar da suka rubuta a kati ta wuce da kwana tara, kuma yana nan ciki daram. Kwana tara, Gwaggo. A lissafinki kwana ashirin da bakwai ke nan na kwalba na tara masa kyauta. Kalanda ta cika, na liƙa farar takarda a ƙasa ina ci gaba. Matan kwatas sun gaji da tambaya, yanzu in na wuce cewa suke, “Malama, shi wannan sai ya fito da haƙora?”

Sai dai mun ɗan sami saɓani da ungozomarmu. Tun shekaranjiya ta ce in koma babban asibiti a sa mini ruwan naƙuda, wai ba a son ciki ya daɗe haka. Na ce mata a'a. Ta dawo jiya ta sake faɗa, har da Mai Awo ta haɗa, shi ma ya fara raurawa. Sai na ɗauko wasiƙarki ta farko na karanta musu wurin da kika ce kada in yarda kowa ya yi mini gaggawa da shi. Na ce mata wadda ta rubuta wannan ta fara riƙe jarirai tun ba a haife ki ba, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ta haɗa kayanta ta tafi. Na ji ba daɗi daga baya, don yarinyar ba ta da mugun nufi. Amma ni da na sha wuya na riƙe shi wata tara, ba zan sa a koro shi da ruwan leda ba.

Shi ma ya yi hankali yanzu. Shure-shuren nan ya ragu sosai tun kwana biyu, sai ɗan motsi jefi-jefi. Ina jin wuri ne ya yi masa kaɗan, ko kuma ƙarfi yake tarawa.

Ki kwantar da hankalinki, maganarki na riƙe, ba wanda zai karɓe ta a hannuna.

'Yarki mai jin magana

*

Daga ɗakin bakwaini, a tsaye

'Yata,

Ki ajiye takardar nan bayan layi uku ki shiga mota. Ki tafi babban asibiti yau, yanzu, ko ruwa ake. Duk abin da ungozoma ta ce ki yi, ki yi, ita ce mai gaskiya, ni ce na yi kuskure.

In kina mota ki karanta sauran. Maganar da na rubuta miki ta ɗan wata shida ce, ta ɗan wata bakwai ce. Ba ta wuce nan ba. Mahaifa tana da wa'adi, bayan mako arba'in da ɗaya tana fara gajiya, ruwa yana raguwa, abincin ɗa yana raguwa. Ɗan da ya rage motsi ba hankali ya yi ba, a ranar ake duba shi. Na san wannan, na karanta shi, na ci jarrabawarsa. Amma shekara ashirin da tara ina ganin waɗanda suka yi sauri kawai, waɗanda suka makara ɗakin da ke gaba da namu ake kai su, allona bai taɓa ɗaukar sunansu ba. Na shirya ki tsaf don ƙofa ɗaya, na mance gidan ƙofa biyu gare shi. Har na ce ki ci gaba da jan layi, ban ce miki ga inda za ki tsaya ba.

Takardarki kwana biyar ta yi a hanya. Na ƙirga, yau kin cika arba'in da biyu. Na je bayan kasuwa da kayan aiki a jikina, na riƙe wa Sannu-Sannu ƙofar mota har sai da ya yi mini alkawarin ba zai tsaya ko'ina ba.

Mai Awo, in kai ka fara buɗe wannan, kada ka tsaya lallashi. Ka ɗauke ta.

Gwaggo

*

Daga ɗakin bakwaini

Surukina,

Ina gaishe ka. Ban san halin da takardar nan za ta same ku ba, shi ya sa kai na rubuta wa.

Direba ya dawo jiya. Ya ce ya cika alkawari, kwana ɗaya da yini ya yi, amma ya tarar da gidanku a kulle. Maƙwabta sun ce masa an fita da ita zuwa asibiti tun kwana huɗu kafin zuwansa, da ungozoma a motar, kuma ba wanda ya dawo. Ya tura takardata ta ƙarƙashin ƙofa. Na tambaye shi da ƙafarta ta shiga motar ko ɗaukarta aka yi, ya ce bai tambaya ba. Na tambaye shi fuskokin maƙwabtan, ya ce fuskoki ne dai.

Yau kwana goma ke nan da fitarku, ba ko layi ɗaya. Na san irin shirun nan. Ni ma na sha yin sa a baranda, in na fito ban san da bakin da zan faɗa wa uba ba. In abin da nake tsoro ne ya faru, ka rubuto mini kai tsaye, kada ka zagaya, ba a yi mini zagaye. Kuma kada ka bar ta ta ɗora wa kanta. Yarinyar nan tun tana tafin hannu abin da na ce shi take yi. Na ce ta yi numfashi ta yi, na ce ta riƙe ta riƙe. Magana zarar bunu ce, ni na zare ta.

Na nemi izinin tafiya an hana ni, hutuna na cinye shi, kuma mu biyu ne a kan jarirai goma sha ɗaya. Ina aikin, amma jiya sau uku ina neman jijiyar wani ɗan mutum ban samu ba, abin da rabona da shi tun ina ɗaliba. Sai da na kira yarinyar da na koyar ta sa. In motar Juma'a ta zo ba amsa, zan hau ta, su yi abin da za su yi.

Ka gaida mini ungozomarku. Ka ce mata wata tsohuwa tana neman afuwarta.

Gwaggonku

*

Daga gado na biyar, ɗakin masu haihuwa

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya. Kafin komai: namiji ne, yana raye, yana nan gefena yana barci da baki buɗe. Ni ma lafiya, sai ɗinki da ke hana ni dariya.

Gwaggo, ban bi maganarki ba. Shi ya sa na kasa rubutu, na kuma hana Mai Awo. Kwana goma sha biyu ina fara takarda ina yagewa.

Bayan na aika miki waccan, ungozoma ta ci gaba da zuwa kowace safiya, ni kuma ina ci gaba da ɗaure mata fuska. A safiya ta uku ba ta yi gardama ba. Ta ba ni ruwan sanyi, ta kwantar da ni ta gefen hagu, ta ce duk motsin da na ji in ɗaga yatsa. Ta zauna a tabarma tana kallon agogo. Awa biyu, yatsa uku na ɗaga. Ta ɗora abin sauraronta a cikin ta daɗe. Sannan ta ce, “Anti, ni ban kai Gwaggonki ba, ko jakarta ban isa in ɗauka ba. Amma don Allah duba mini, wasiƙar nan cikin wata nawa aka rubuta wa?” Na ce wata shida. Ta ce, “To ni na wata goma nake saurara, kuma ba na jin daɗin abin da nake ji. In kin ƙi tafiya ba zan ja ki ba, amma ni ma ba zan tashi daga tabarmar nan ba.” Ta gyara zama. Na leƙa waje na ga ashe Mai Awo ya riga ya kawo motar ofis ya sa jakar a ciki, yana tsaye yana jirana.

Na shiga da ƙafata, amma awa huɗun nan kuka na yi su. Gani nake na ci amanarki, na bar yarinya ƙarama ta rushe abin da kika gina.

A asibiti suka yi hoto suka ce ruwan ya kusa ƙafewa. Suka sa mini ruwan naƙuda da azahar, zuwa la'asar bugun zuciyarsa ya fara sauka, suka ce aiki za a yi. Ya riga ya yi kashi a ciki, ya ɗan shaƙa. Bai yi kuka ba sai da suka yi ta fama. Kwana shida ya yi da robar iska a hanci, a ɗakin da ke gaba da wanda kika yi ta gyara musu. Fatarsa tana saɓulewa kamar wanda ya daɗe a wanka, farcensa zaƙo-zaƙo. Na tambayi likita da na ƙara kwana biyu fa? Ya dube ni ya ce, “Ki gode wa wadda ta kawo ki.” Ungozomar nan kwana shida ta yi a benci, ta ƙi komawa sai da ta ga ya kama nono.

Ki yafe mini. Na san da dalili kika faɗi abin da kika faɗa.

Ƙari, washegari.

Mai Awo ya je kwatas ɗauko mana kaya, ya tarar da takardarki a ƙarƙashin ƙofa, ɗayar kuma mai gadi ya miƙa masa. Na karanta su sau uku. Takardar da ke sama ban yage ta ba, ki ga irin wautar 'yarki: ina nan ina jin kunyarki, kina can kina neman jijiya ba kya samu. Wannan laifin nawa ne, kuma ya fi wancan.

Ki saurara, yau ni zan yi faɗa. Kin ce ke kika zare maganar. To maganar nan ita ta kai shi wata tara, a gidan da ba a taɓa kai ɗa wata takwas ba. Da ba don ita ba da ba a sami ɗan da zai makara ba. Ni ce na riƙe ta har ta wuce inda aka aike ta, kuma taurin kan kin san inda na samo shi. Ungozoma ta biyo Mai Awo ta zo duba mu, na karanta mata saƙonki, ta rufe fuska da mayafi, ta ce ita ba afuwa take so ba, in kin yarda tana so ta zo ta yi wata ɗaya a ɗakinki ta koyi riƙon bakwaini.

Kada ki hau motar Juma'a ki bar goma sha ɗayan nan, su ba su da kowa sai ke. Mai Awo zai kai wannan da kansa, ya tsaya a gabanki ki ga fuskarsa. In ɗinki ya warke mu za mu zo. Ki dai shirya, kilo huɗu ba kaɗan ne. Shekara ashirin da tara kina ɗaukar 'ya'yan mutane a tafin hannu ɗaya. Wannan naki ne, kuma sai kin sa hannu biyu.

'Yarki,
'Yar Kwalba